Hancin Dokta Zakari

Dokta Zakari ya shafe rayuwarsa ta aiki yana koyar da tarihin zane-zane a wata babbar makaranta a Yamai. Duk ɗalibin da ya bi ta hannunsa ya fita da abu biyu a ka. Na farko, cewa bayan yaƙin duniya na biyu manyan masu zane sun gaji da kwaikwayon fuskar mutum da ƙafar doki, sun koma ga launi zalla. Na biyu, cewa a duk ƙasar nan ba wanda ya kama ƙafar Sa'adu na Dakoro a wannan fanni.

Sa'adu abokinsa ne tun suna lise, wato sakandare, a Maraɗi. Daga can Sa'adu ya tafi Dakar ya koyi zane wajen malaman da suka yi zaman Faransa, shi kuma Zakari ya bi karatu har inda karatu ya ƙare. Da Sa'adu ya dawo gida sai ya kafa rumfa a bayan gidan ubansa, yana ɗaure manyan ƙyallaye a katako yana shafa musu ja da ruwan ƙasa da shuɗi. Bayani kuma aikin Zakari ne. Shi ya raɗa wa salon suna, zanen bayan siffa, kuma shi ya rarraba rayuwar abokinsa gida-gida: zamanin ja, zamanin yashi, zamanin shiru. Sau da yawa Sa'adu kan ji zamanin da yake ciki ne idan Zakari ya kira shi a waya. Zamanin shiru dai, a sanin Hawwa'u matar Sa'adu, ciwon baya ne ya kwantar da mijinta damina guda.

An kai zanen Sa'adu baje koli Abijan da Dakar, har da ƙasar Turai, kuma ko'ina aka je Zakari ne ke tsaye gaban tabalo, wato ƙyallen zanen, yana faɗa wa mutane abin da suke gani. Sa'adu ba ya musu. Idan aka tambaye shi ma'anar wani zane sai ya ce a tambayi Dokta, shi ne ya karanta.

Da lokacin aje aikin Zakari ya matso, sai maganar hoto ta taso. Al'adar sashensu ce a rataye hoton duk malamin da ya gama aiki a barandar da ke kai mutum zauren taro. Sauran duk hotunan kyamara ne, amma abokan aikinsa suka ce shi kam bai dace ba, dole hannun Sa'adu ne zai zana shi. Zakari ya ce ai ko ba su faɗa ba.

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne maganar hancinsa. Zakari mutum ne da bai damu da abin duniya ba, motarsa ma sai an tura, amma yana da hanci dogo miƙaƙƙe da ya gado ta wajen uwa, kuma tun yana saurayi yake ji da shi. Yana son hancin nan ya zauna a baranda bayan shi ya tafi. To amma ta yaya mutumin da ya rubuta littafi sukutum kan mutuwar siffa zai buɗe baki ya nemi a zana masa hanci?

Ya iso Dakoro tsakiyar bazara, ta hanyar Kornaka, da sabuwar babbar riga ta shadda da ta sha bugu, da sabuwar hula, gashin bakinsa a gyare. Washegari da hantsi ya fito rumfa cikin kayan nan, rigar na ƙara kamar ana taka busasshen kara. Sa'adu, da ke sanye da tsohuwar taguwa mai fenti ko'ina, ya dube shi sama da ƙasa.

“Suna za ka, ko ɗaurin aure?”

“Girmama aiki ne,” in ji Zakari. Ya zauna kan kujera, ya ɗan karkata kai gefe. “Haske ta nan ya fi faɗowa. Ko in ƙara juyawa?”

“Zauna yadda ka ga dama. Ba kallonka nike ba.”

“To mi kake kallo?”

“Kai da kanka ka rubuta cewa ba da ido nike gani ba.”

Zakari ya tuna ya rubuta hakan, har an fassara shi cikin harsuna biyu. Amma bai gyara karkatar kan ba.

Haka aka yi ta zama kwana da kwanaki. Sa'adu yana bayan tabalo, ba ya barin a leƙa. Wani lokaci ya yi shafa ɗaya ya tafi duba akuyarsa, wani lokaci ya tsaya hura gawayin shayi har rana ta take. Zakari na zaune cikin shadda, gumi na bin bayansa, ƙudaje na sauka daidai kan hancin da ya zo dominsa, shi kuma ba ya son ya kore su kada ya ɓata zama. Yakan jefa magana jefi-jefi. Ya ce ai ko manyan masu zanen bayan yaƙi wani lokaci sukan bar ɗan alamar mutum a cikin launi, don wasa. Sa'adu ya ce waɗannan su ne waɗanda Dokta ya kira matsorata a babi na huɗu.

Ranar da aka gama, Sa'adu ya juyo da tabalon bayan la'asar, ya kira Hawwa'u ta zo ta gani. Wani faffaɗan fili ne ruwan ƙasa, da layi shuɗi da ya ratsa shi a karkace, sai ɗigo-ɗigon ja can ƙasa ta hagu.

Zakari ya miƙe, ya gyara tabarau, ya matsa, ya ja da baya. Sannan ya fara magana, don abin da ya iya ke nan. Ya yi bayanin yadda filin ke numfashi, da yadda shuɗin ke gardama da ƙasa, ya zame cikin Faransanci ya dawo Hausa, ya ce watakila ma sabon zamani ne ya buɗe. Can da numfashinsa ya ƙare sai ya nuna layin da ɗan yatsa, ya yi ƙasa da murya.

“Wanga layin kuwa, hanci ne?”

“Taurin kanka ne,” in ji Sa'adu.

Da aka kawo abinci Zakari ya ɗan tsakuri dambu ya ture kwano. Ko cukun da yake zuwa Dakoro dominsa bai taɓa ba. Hawwa'u, wadda ta san shi tun tana amarya kuma ba ta jin nauyin digirinsa, ta tsaya da buta a hannu.

“Baban Raliya,” ta ce wa mijinta, “bawan Allahn nan huskarsa yake so.”

“Haba, Hawwa'u,” in ji Zakari. “Ni da na...”

“Malam Zakari, wanda ya zo a zana taurin kansa ba ya kai riga wurin mabugi.”

Ta aje butar ta shige. Suka zauna su biyu, akuya na tuƙa a gefe. Zakari ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

“Jikokina za su bi ta barandar nan wata rana,” ya ce da ƙyar. “Za su ga na Farfesa wane da kunnuwansa, na wane da gemunsa. Su zo kaina su ga layi.”

Sa'adu ya yi dariya har ya kama tari. Da ya lafa sai ya ce, “Abin da ka ɓoye ke nan kana ta gumi? Gobe ka sa rigarka.”

Zakari ya shirya wa dogon zama, don a lissafinsa hannun abokinsa ya rabu da fuskar mutum tun suna samari. Amma Sa'adu ya ɗauki buroshi yana fito, yana shafawa kamar mai shafa man shanu a burodi, kuma kafin kiran azahar ya ce an gama.

Wannan karon mutum ne sosai. Ga hular, ga tabarau, ga aikin wuyan riga zare-zare. Mutumin ya ɗan kalli gefe, yana murmushi da gefen baki, haɓarsa a tsaye, fatarsa sumul. Ya fi Zakari ƙuruciya nesa ba kusa ba, kuma in za a bi gaskiya idanun ba nasa ba ne. Amma akwai hanci, dogo, har da ɗan haske a tsininsa. Zakari ya daɗe yana kallo. Hawwa'u ta leƙo, ta dubi tabalon, ta dubi mijinta, ta rufe baki da gefen mayafi ta koma da sauri. Zakari ya ɗauka abin ya taɓa mata zuciya ne.

Yana tsaye a wurin sai ga sallamar Intalla, maƙwabcinsu, babban dillalin raƙuma, wanda ya dawo daga Korahane ya biyo shan shayi. Ya gaisa da baƙo, ya gyara rawani zai zauna, sai idonsa ya faɗa kan tabalon. Fuskarsa ta washe kamar ya ga ɗan uwa.

“A'a, Ɗangoggo ya samu tabarau. Malam Sa'adu, wa zai buɗe shagon gilashin ido?”

“Hotona ne,” in ji Zakari.

Intalla ya dube shi, ya dubi tabalon. “Rigar taka ce,” ya ce cikin ladabi.

“Wane ne Ɗangoggo?”

Sa'adu ya duƙa yana hura gawayin da ya riga ya kama. Intalla ya ce ai Ɗangoggo ba a ba da labarinsa, sai dai a gani, in Dokta zai iya ɗan taka ƙasa.

Ba su yi nisa ba. A bakin titi, saman shagon wani mai aski, ga allo, ga mutumin nan da haɓarsa da murmushinsa yana kallon gefe, kansa sau shida, kowanne da irin askinsa. Gaba kaɗan, a bangon mai sayar da maganin dabbobi, yana rungume da ɗan maraƙi. A wajen mai shayi yana ɗaga kofi. A tasha yana sanye da hular kwano kan babur, an rubuta gyaran birki a ƙarƙashinsa. A wani butik na kayan mata an ɗaura masa kallabi an sa masa 'yan kunne, amma haɓar ba ta ɓoyu ba.

“Wagga ita ce ƙanwarsa,” in ji Intalla. “Ba ta yi aure ba har yanzu.”

Ya yi masa bayani suna tafe. Ba wani mutum mai rai da ake kira haka. Tun da daɗewa duk mai son allon shago wajen Malam Sa'adu yake zuwa, kuma ko mi ka ce a zana maka, wannan fuskar za ka samu. Mutanen gari suka gaji da cewa mutumin allo, suka sa masa suna. Yanzu idan saurayi ya yi aski ya fito fes sai a ce ya yi Ɗangoggo. Uwa kan ce wa ɗanta ya dubi Ɗangoggo, sana'a ba wadda bai yi ba, bai taɓa zaman banza ba.

“Ka sha zuwa garin nan,” in ji Intalla, “ba ka taɓa haɗuwa da shi ba?”

Zakari ya sake duban allon. Yakan zo ne a mota, a sauke shi ƙofar gida, ya shiga rumfa ya yi magana kwana biyu, a zo a ɗauke shi. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya tuna shafin da ya rubuta cewa Sa'adu ya saki siffa saki uku ba kome. Ya tuna ya faɗi haka a gaban Turawa, an tafa masa.

Amma a allo na gaba, na wani mai ɗinki, sai ya tsaya fiye da yadda fushi ke bukata. Ya matsa kusa, ya ɗaga tabarau. Kunnen nan ba irin na wajen mai shayi ba ne, an yi shi da shafa ɗaya, hannu a sake. Shuɗin da ke bayan kan kuwa ya san shi kamar yunwar cikinsa, shi ne shuɗin manyan tabalolin da aka kai Abijan. Ya ce wa Intalla su koma wajen mai maganin dabbobi, yana son ya sake ganin wuyan. Suka koma. Daga nan ya ce tasha. Intalla, da ya fito don shayi, ya bi shi har ƙafarsa ta gaji, daga bisani ya tuna yana da raƙumi marar lafiya.

Zakari ya shigo gida gab da magariba, shaddar ta yi laushi. Sa'adu na zaune kan tabarma yana jiransa da fuskar yaron da ya fasa tulu.

“Abokin kuka ake ɓoye wa mutuwa?” in ji Zakari.

“Ban ɓoye ba. A kan titi suke.”

“Ka bar ni ina ta faɗa wa duniya ka bar siffa.”

“Yadda ka faɗe shi ya yi daɗi. Ka zo da Faransancinka mai kyau, har ni na yarda. Kuma manyan nan na rumfa ina son su, ba ƙarya ciki. Amma in na yini ina faɗa da launi, sai in ji ina son in zana abin da mai shayi zai gani ya ce madalla. Da na faɗa maka sai ka sa masa suna ka kai shi Turai.”

“To don mi huska ɗaya?”

Sa'adu ya sosa ƙeya. “Ita kaɗai na iya. A Dakar muna shekarar farko aka fara koya mana kai. Mun yi ɗaya ke nan sai malamin ya dawo daga hutu ya ce siffa ta mutu. Ba a koya mana na biyu ba.”

Zakari ya so ya riƙe fushinsa, amma ya kufce masa. Ya zauna kan tabarmar yana dariya, hawaye na bin gefen hancin, Sa'adu na taya shi. Hawwa'u ta turo kwanon cuku ta ƙofa, wannan karon Zakari bai rage komai ba.

“Amma hancin nawa ne?” ya tambaya da ya natsu.

“Na ƙara masa tsawo kaɗan saboda kai.”

A ƙarshe tabalon farko, mai layi shuɗi, shi Zakari ya aika Yamai, aka rataye shi tsakanin mai kunnuwa da mai gemu. Na biyun ya ce na ɗakinsa ne, ba ruwan kowa. Ya kira sashensu ya ce a ɗage walimar sallamarsa, aiki ya taso masa a Dakoro. Kullum da safe yakan fita da tsohuwar rigar Sa'adu da wayarsa, yana bin alluna yana ɗaukar hoto, masu shaguna na ba shi kujera. Sa'adu ya sa shi ya yi alkawarin ba zai raba Ɗangoggo zamani-zamani ba. Zakari ya yi alkawarin, ya kuma karya shi kafin sati ya zagayo, don a cewarsa kunnen kaɗai ya kasu uku.

Wata ranar kasuwa suka shiga mota zuwa Kornaka, saboda Sa'adu ya ce akwai wani allo can da ya yi wa wani mai aski, Samba, inda Ɗangoggo ke da saje. Suka same shi a jingine da bango, rana ta cinye rabinsa. Nan gardama ta tashi. Sa'adu ya ce ya yi shi ne bayan bikin Raliya ɗiyarsa, lokacin yana fama da ciwon baya. Zakari ya duƙa ya dubi kunnen, ya kankari gefen shuɗin da farce, ya ce ƙarya ne, wannan kafin ciwon baya ne, hannun bai fara taka-tsantsan ba.

“Ni na zana shi,” in ji Sa'adu.

“Zanawa kawai ka yi. Ni na karanta.”

Mutane suka fara taruwa. Aka kira Samba ya raba gardama. Ya fito da almakashi a hannu, ya saurari kowa, ya ce shi dai abin da ya sani, ranar da Malam Sa'adu ya kawo allon nan da kansa ya sauke shi daga saman mota, ya ɗauko shi a ka tun daga tasha, yana tafe yana waƙa.

“Mai ciwon baya ke nan,” in ji Zakari.

Sa'adu ya juya ya ce wa Samba ai shi ma ya tsufa, ba a dogara da tunaninsa. Samba bai ji haushi ba. Ya kakkaɓe kujera ya ce tunda manyan baƙi sun zo har ƙofarsa, ba za su tafi ba a taɓa kansu ba. Zakari, da nasara ta hau masa ka, ya riga abokinsa zama. Aka yafa masa ƙyalle a wuya.

“Wane iri za a yi, Malam?”

Zakari ya nuna allon, kai na uku daga hagu, mai tsaga a gefe da tudu a gaba. “Irin wancan.”

Samba ya cire masa hula a hankali. Ya dubi kan, ya zagaya ya dube shi ta baya, inda 'yan silin gashi suka rage a bakin ƙeya kamar ciyawar bakin rijiya.

“Malam,” ya ce, “da mi?”

Sa'adu ya ja benci ya zauna daidai gabansa don ya ga yadda za a yi.